Muna Kwana a Gindin Dutse, Ba Mu San Halinsa Ba

In ka baro Makka ka kama hanyar Hijira, bayan tafiyar awa biyu ko fiye, akwai inda ƙasa take sauya launi. Yashi ya ja baya, sai baƙin dutse birjik, hagu da dama iya ganinka, kamar an juye gawayin duniya a wuri guda. Shekara 20 ke nan ina jigilar alhazai da masu Umara a wannan hanya, kuma da wuya wata ya wuce ba a yi mini tambaya a daidai wurin ba. Bara wata dattijuwa mutuniyar Gusau ta leƙo daga kujerar baya ta ce, "Ɗan nan, gobara aka yi a nan ne?" 'Yan motar suka bushe da dariya. Ni ban yi ba, domin duk cikinsu ita ta fi kusa da gaskiya. Na ce, "Hajiya, wuta ce kam, sai dai daga ƙarƙashin ƙasa ta fito." Ta yi salati, ta jawo carbinta, ba ta ƙara cewa uffan ba har muka iso Abyar Ali.

Larabawa suna kiran irin wannan fili harra. Wanda muke ratsawa sunansa Harrat Rahat, ya miƙe kimanin kilomita 300 daga bakin Madina ya yi kudu har kusa da Makka, kuma duk narkakken dutse ne da ya malalo daga cikin ƙasa ya daskare. Mu mazauna Madina ba baƙinsa ba ne. Unguwanni ma da sunansa ake kiransu, Harra ta gabas da Harra ta yamma, su ne baƙaƙen filayen nan biyu da hadisi ya ambata wajen iyakar haramin Madina. Da yawanmu a kansu muka kama haya, a kansu muka haifi 'ya'ya. Amma ka tambayi mutum goma me ya kawo baƙin dutse ƙofar gidansa, tara za su ce maka haka suka tarar.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan musu ne da ya tashi a majalisarmu ta bayan Isha'i. Ɗan maƙwabcina, wanda kakansa ya zo ƙasar nan a ƙafa ta Sudan tun zamanin da, ya sami gurbi a tsangayar ilimin ƙasa ta Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda. Uban ya faɗa mana yana murna-murna, yana kuma kallon fuskokinmu. Yayan mahaifin yaron, wanda duk muke kira Baffa, ya ajiye finjalin shayi ya ce, "Karatun duwatsu? Ga likita, ga injiniya, ga shari'a, sai dutse? Ai dutse yadda Allah ya ajiye shi haka yake." Wani ya ce ai Alƙur'ani ya gama magana, duwatsu turaku ne, me ya rage a bincika. Na uku ya ce shi abin da bai yarda da shi ba shi ne lissafin miliyoyin shekarun nan, wa ya kasance a wurin? Aka yi ta yi har shayi ya huce.

Ni direba ne, ba malamin jami'a ba. Amma na daɗe ina karanta abin da na samu a kan wannan sha'ani, tun wani abu da ya faru a 2009 wanda zan zo kansa. Kuma ra'ayina shi ne, a cikin duk mutanen da ke zaune a ƙasar nan, mu da muke kwana a gindin duwatsu da cikin kwaruruka mun fi kowa buƙatar wannan bincike, mun kuma fi kowa raina shi.

Maganar Baffa zan fara ɗauka, don ita ce tushen kuskuren. Dutse ba a zaune yake ba. Ɓawon duniya a fashe yake, kamar ƙwaryar da ta faɗi ta rabu sakaina-sakaina, kowace sakaina tana kan dutse mai tsananin zafi wanda ba ruwa ba ne amma yana jan jiki a hankali, kamar kwalta a tsakar ranar bazara. Yankin Larabawa sakaina ce mai zaman kanta. A da a manne take da Afirka, sai kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce ta fara ɓallewa, ruwa ya shiga tsagar, shi ne Bahar Maliya. Har gobe rabuwar ba ta tsaya ba. Ana auna ta da na'urorin da aka kafe a jikin dutse suna karɓar saƙon tauraron ɗan'adam, irin fasahar da ke nuna mini hanya a waya, sai dai tasu har milimita take gani. Abin da suke nunawa shi ne tekun yana ƙara faɗi da santimita 1 da 'yan kai a shekara. Wato tun ranar da kakan yaron nan ya hau jirgin ruwa a Sawakin ya tsallako Jidda, shekara 70 da wani abu, hanyar komawarsa ta ƙara tsawo da kusan mita guda. Da na faɗa wa Baffa haka sai ya ce, "To shi ya sa bai koma ba ke nan." Aka yi dariya, amma ya ji.

Duk wanda ya taɓa hawa hanyar Hada daga Makka zuwa Ɗa'ifa ya ji wannan labari a kunnensa, ko bai sani ba. Makka ba ta kai mita 300 a saman teku ba, amma cikin ƙasa da awa guda sai ka ga kanka a wajen mita 2,000, kunne ya toshe, birai sun yi layi a bakin titi suna jiran a jefo musu ayaba. Wannan katangar ta Sarawat, wadda ta miƙe har Yaman, ta kai kimanin mita 3,000 a Jabal Sauda kusa da Abha, leɓen tsagar ne ya ɗago. Dubi gurasa a tanderu: in ta tsage a tsakiya, bakin tsagar ne yake tasowa. Ɗaya leɓen yana can tsallake, su ne duwatsun da ke bayan Bur Sudan da Sawakin. A gaba kuwa, inda sakainar take tura kai, akasin haka ne. In ka tura sallaya da ƙafa ta ci karo da bango sai ta tattare, to haka duwatsun Zagros na Iran suka tashi, tsawon fiye da kilomita 1,500. Girgizar ƙasar da ta auka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023, mai ƙarfin maki 7.8, wadda ta ci rai fiye da 50,000, a kan iyakar wannan sakainar da muke kai ta faru, inda take gogayya da ta Anadolu, wadda yawancin Turkiyya ke kai. Mun yi ta jajantawa kamar abin wata duniya ne, alhali bakin tabarmar da muke zaune a kai ne ya motsa.

Wannan fahimta ba tsohuwa ba ce. Alfred Wegener, Bajamushe, ya kawo maganar cewa nahiyoyi suna tafiya a 1912, aka mayar da shi abin dariya, ya mutu a cikin ƙanƙarar Girinlan a 1930 ba a gaskata shi ba. Sai a shekarun 1960, da aka auna ƙasan tekuna, hujja ta yi yawa har musu ya ƙare. Saboda haka Baffa yana da abokan ra'ayi manya, sai dai su sun tuba tuntuni.

Amma mu a Madina ba sai mun je Jamus neman hujja ba. A farkon Jimada Sani ta shekarar 654 bayan Hijira, wato 1256, shekara biyu kafin Tatar su ci Bagadaza, ƙasa ta yi kwanaki tana girgiza a birnin nan, ana jin ƙugi kamar tsawa babu hadari. Daga nan ƙasa ta tsage a kudu maso gabas, wajen kilomita 20 daga gari, wuta ta fito. Narkakken dutse ya riƙa gudu kamar kogi, ya yi tafiyar kilomita 23, ya tsaya ƙasa da kilomita 10 daga Masallacin Annabi (SAW). An yi kwana 52 ana wannan hali. Mutane maza da mata suka tattaru a masallaci suna kuka suna istigfari. Alƙalin gari ya je ya yi wa sarki wa'azi, sarkin ya 'yanta bayinsa, ya mayar wa mutane haƙƙoƙinsu. Malalar ta toshe kwarin da ruwa ke bi, ta zama madatsa, har tafki ya taru a bayanta wajen Aƙul. Malamai irin su Imamu Nawawi, wanda yana raye a lokacin, sun danganta wannan wuta da hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, na wutar da za ta fito daga ƙasar Hijaz ta haska wuyan raƙuma a Busra ta Sham.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin nan shi ne yadda ya iso gare mu. Mutanen Madina sun rubuta wasiƙu zuwa Dimashƙa, malamin tarihi Abu Shama ya tattara su, Ibnu Kasir da Samhudi suka naƙalto bayansa. Sun rubuta rana, sun rubuta ta wace fuska wutar ta ɓullo, sun ƙiyasta tsawonta da faɗinta, sun faɗi kwarin da ta bi. Tsoron Allah bai hana su lura ba. Masu binciken yau da waɗannan rubuce-rubucen suke tafiya daji a hannu, suna gwada su da abin da dutsen yake nunawa, kuma suna samun sun dace. To, idan magabata sun ga aya sun yi kuka, sannan sun ɗauki alƙalami sun auna, mu daga ina muka samo cewa aunawa raini ne ga ikon Allah?

Madinar 654 ɗan ƙaramin gari ce a cikin ganuwa. Ta yau ta bazu har ta taɓa bakin waccan malala. Ina bi ta wajen in na ɗauko fasinja daga filin jirgi, kuma dutsen wurin daban yake da sauran: baƙi wuluk, mai kaifi kamar fasasshiyar kwalba, ko ciyawa ba ta kama shi sosai ba, shekara fiye da 760 amma kamar jiya aka sauke shi daga wuta. Akwai guntunsa a gaban motata, mara nauyi, duk huji-huji kamar soso. Shi nake miƙa wa fasinjan da ya yi tambaya.

Yanzu ga abin 2009. Daga Afrilu zuwa Yuni na shekarar, yankin Al-Is da ke arewa maso yammacin Madina, ta wajen Yanbu, ya yi ta girgiza. Na'urori sun ƙirga girgiza fiye da 30,000, yawancinsu ƙanana, amma ta ranar 19 ga Mayu ta haura maki 5, ƙasa ta tsage tsawon kilomita 8. Hukuma ta kwashe mutane kimanin 40,000 zuwa Yanbu da Madina. Na ɗauki wasu daga cikinsu a motata tsakanin masauki da asibiti. Ba na manta wani dattijo Balaraben ƙauye, alamar takaici a fuskarsa, yana ta maimaita mini tambaya ɗaya: wa zai shayar masa da raƙuma? Shi bai ga wuta ba, bai ga hayaƙi ba, an dai ce ya tashi. Bayan wani lokaci abin ya lafa, kowa ya koma gida, dutse bai yi aman wuta ba.

A majalisa irin tamu hukunci ya fito nan take: an tayar wa bayin Allah da hankali a banza, masu ilimin nan ba su san komai ba. Ni ma da farko kusan haka na ɗauka. Sai daga baya na karanta abin da aka gano. Narkakken dutse ne ya taso daga can ƙasa, ya yi ta tsaga hanya yana hawa a ƙarƙashin harrar yankin, wato Harrat Lunayyir, ya zo ya tsaya saura kamar kilomita 2 ya fito. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna yadda ƙasa ta buɗe ta kuma lotsa a samansa. Kilomita 2, tafiyar da nake yi a ƙafa daga gidana zuwa inda nake ajiye mota. Wanda yake kallon na'ura a daren nan, yana ganin abu na hawowa, me kake so ya ce wa hukuma? A bar mutane su kwana, in ta fito a ce ƙaddara? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai gaskiya a ɓangaren masu suka, kuma ba zan ɓoye ta ba. Har yau babu masanin da zai iya ce maka ranar kaza ƙarfe kaza za a yi girgizar ƙasa. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa masana sun tsayar da rana, ƙarya yake yi ko an yi masa. Abin da binciken yake bayarwa wani abu ne daban: ina ne tsagar take, yaya girman abin da za ta iya yi, sau nawa ta motsa a baya, in wuta ta fito ta wane kwari za ta gangara. A Harrat Rahat, alal misali, binciken ya nuna a ƙiyasi dubban shekaru ne ke shiga tsakanin wani aman wuta da wani, wanda shi kansa labari ne mai kwantar da hankali. Kuma da irin wannan sani ake yanke shawarar inda za a kafa asibiti, da irin ƙarfen da za a zuba a ginshiƙi. Girgizar mashigin Aƙaba ta 22 ga Nuwamban 1995 ta haura maki 7, ta taɓa garin Haƙl, kuma a wannan yanki ne ake gina sabon birnin Niyom yanzu. Injiniyan da Baffa yake so yaron ya zama, ba zai zana harsashi ko ɗaya a can ba sai da takardar mai karatun duwatsu a gabansa.

In ma mutum ya ce aman wuta da girgiza abu ne na shekara ɗaruruwa, to ruwa fa? Ranar 25 ga Nuwamban 2009, ranar Tarwiyya, muna Mina da alhazai ruwa yana dukanmu, sai labari ya zo daga Jidda. Ruwan da ya sauka a kan duwatsun gabashin birnin ya taru a kwaruruka ya gangaro da ƙarfi, ya tarar an gina gidaje a kan hanyarsa, a Ƙuwaiza da maƙwabtanta. Fiye da mutum 100 suka rasu, motoci suka hau kan juna kamar gwangwanaye. Waɗannan kwaruruka ba jiya aka haƙa su ba. Tashin leɓen tsagar nan ne ya ba ruwa gangara, ruwan ya yi miliyoyin shekaru yana sassaƙa hanyarsa zuwa teku. Kwari yana iya shekara 30 a bushe har a manta sunansa, amma shi bai manta hanyarsa ba. Su wa ke zama a irin waɗannan wurare? Wanda haya ta kora daga tsakiyar gari. A Makka kuwa mutanenmu nawa ne suka yi rayuwarsu a kan jabal, gida a kan gida, tsani ɗari kafin ka kai ƙofa, babu wanda ya taɓa duba ko dutsen da ke saman rufinsu a zaune yake ko a rataye?

Ga masu cewa karatun ba shi da abinci, amsarsu gajeriya ce. Riyal ɗin da muke aikawa gida daga ina ya fito? Masu karatun duwatsu ne, irin su Ba'amurken nan Max Steineke, suka yi ta yawo a hamada suna duba yadda shimfiɗun dutse suka lanƙwasa, har rijiya ta 7 ta Dammam ta ba da mai a Maris ɗin 1938. Filin Gawar da aka gano a 1948, tsawon kusan kilomita 280, wani doron dutse ne a binne wanda motsin ƙasa ya tanƙwara ya zama tarkon mai. A nan yamma kuma zinariya ce. Tsohon harsashin da Makka da Madina suke kai an harhaɗa shi ne fiye da shekara miliyan 550 da suka wuce, lokacin da jerin tsibirai masu aman wuta suka yi ta karo da juna suna mannewa, kuma ta wajen waɗannan ɗinkunan ma'adinai suka taru. Mahdu Zahab da ke lardin Madina da Hassai da ke gabashin Sudan 'yan gida ɗaya ne, teku ce ta raba su daga baya. Yaranmu suna barin gida suna shiga hamadar Sudan da Nijar da na'urar neman zinariya a kafaɗa, suna haƙa a kan sa'a, rami yana rufta musu. Wanda ya san inda ɗinkin ya bi shi ke zaune a ofis yana nuna wa kamfani wurin da zai kafa inji. Gwamnatin ƙasar nan ta ce tana so ma'adinai su zama ginshiƙi na uku na masana'antunta a shirin 2030.

Ko Zamzam da muke cika jarkoki muna aikawa gida, akwai cibiya guda a ƙarƙashin Hukumar Binciken Ƙasa ta Saudiyya, wadda aka kafa a 1999, da aikinta shi ne kula da ita. Zurfin rijiyar kimanin mita 30 ne, sama a cikin yashin kwarin Ibrahim, ƙasa a cikin dutse, ruwa yana shigowa ta tsagogi. Suna auna hawansa da saukarsa, suna lura kada fasa duwatsu da haƙa hanyoyin ƙarƙashin ƙasa su taɓa magudanarsa. Ban taɓa jin wanda ya ce albarkar Zamzam ta ragu don an auna ta ba.

Sai mai maganar turaku. Allah gafarta Malam, ban ja da kai ba a kan aya. Kuma gaskiya ne manyan duwatsu suna da saiwa: tun 1855 George Airy na Ingila ya kawo cewa dutse kamar kwale-kwale ne mai kaya, yadda ya yi nauyi haka yake nutsewa, kuma an auna an samu ɓawon ƙasa a ƙarƙashin Himalaya ya kai kaurin kilomita 70, ninkin na sauran wurare. Inda na rabu da kai shi ne abin da ake yi da wannan magana. A turo bidiyo, a yi kabbara, a ce Turawa sun tabbatar, a juya a yi barci. Wasu ma har su ƙara da cewa inda dutse yake ba a girgizar ƙasa, alhali Iran da Turkiyya da Nepal duk ƙasashen duwatsu ne. Tafsiri na malamai ne, ba na direba ba, amma ina tsoron a ɗaure aya a jikin wani nazari, gobe nazarin ya sauya. Ayar da ni take hana ni sakat ita ce ta cikin Gashiya, wadda take tambaya ko ba sa duba zuwa ga duwatsu yadda aka kafa su. Duba aka ce. A Faɗir kuma aka ambaci duwatsu masu zane fari da ja da baƙi ƙirin, daga nan aka zo da maganar cewa masana ne suke tsoron Allah daga cikin bayinsa. Mu a nan launukan uku duk suna gabanmu: jan Uhudu, baƙin harra, da farin Jabal Abyad na Harrat Khaibar, dutsen aman wuta fari fat a tsakiyar baƙin fili. Ibnu Sina, shekara 1,000 da suka wuce, ya zauna ya yi tunanin ko ɗagowar ƙasa ce ke yin dutse ko zaizayar ruwa ce ke barinsa a tsaye. Shi bai ce an gama magana ba.

Mai tambayar wa ya kasance a wurin kuwa, amsar ita ce dutsen da kansa. Akwai ƙananan ƙwayoyi a cikinsa masu ɗauke da yuraniyom, wanda yake rikiɗewa ya koma dalma a kan ma'auni sananne da ba ya sauri ba ya jinkiri. A auna nawa ya rikiɗe, nawa ya rage, lissafi ya fito. Likitan da ya dubi hoton ƙashi ya ce yaron nan shekararsa 12, shi ma bai halarci sunansa ba.

Ba mu kaɗai ke da laifi ba, wannan ma sai na faɗa. Masu binciken suna magana da junansu ne. A 2023 hukumar binciken ƙasa ta nan da takwararta ta Amurka sun fitar da babban rahoto a kan arewacin Harrat Rahat, aikin shekaru, da Turanci mai nauyi. Madalla. Amma matar da ke sayar da turare da goro a lungun unguwarmu, wadda ɗakinta yake kan harrar, me ya iso gare ta? Saƙon gargaɗin ruwa yana shigowa waya da Larabci da Turanci, ita kuwa ba ta karanta ko ɗaya. Ana fassara huɗubar Arfa da Hausa kowace shekara, saboda haka ba a rasa masu iyawa ba. Takarda ɗaya, ko murya ta minti uku, mai cewa in ƙasa ta motsa yi kaza, in hadari ya haɗu a kan duwatsun gabas kada ka bar mota a cikin kwari, ba za ta ci kuɗin na'ura ɗaya ba. Akwai kuma waɗanda igamarsu, wato takardar izinin zama, ta mutu, masu ganin motar hukuma su shige lungu. Ranar da za a zo kwashe mutane, muryar da za su yarda da ita ta ɗan unguwa ce mai jin harshensu. Shi ya sa nake ganin yaron nan ba don kansa kaɗai zai yi karatun ba.

Can gida ma ba a tsira ba, don kada wani ya ce matsalar Hijaz ce. Kwarin Binuwai tsaga ce irin ta Bahar Maliya, sai dai ita ta fara buɗewa sai ta tsaya. Tudun Biyu na jihar Borno tsofaffin duwatsun aman wuta ne. A watan Agustan 1986 tafkin Nyos na Kamaru, wanda yake cikin bakin irin wannan dutse, ya saki iska mai shaƙe numfashi cikin dare, mutum fiye da 1,700 suka kwanta ba su tashi ba. A Satumban 2018 ƙasa ta yi ta motsi a Mpape ta Abuja, mutane suka fito waje da kayan barci.

Makon jiya yaron ya zo hutu daga Jidda, ya zo gaishe mu a majalisa, ya durƙusa ya bi kowa da gaisuwa. Baffa bai ce masa komai ba a gaban mutane. Sai da aka watse, ina goge gilashin mota, na ji ya kira shi gefe, ya rage murya. Ashe babban ɗansa ne yake cinikin gida a wata sabuwar unguwa ta kudu maso gabas, can wajen da baƙin dutsen ya fi kaifi.

"Kai, wurin nan, kana ganin babu komai?"

Yaron ya sosa ƙeya ya ce, "Baffa, shekarar farko nake. Lissafi kawai muke ta sha, ko guduma ba a ba mu ba tukuna. Amma akwai taswira, zan tambayi malaminmu."

Baffa ya gyara zaman hularsa ya ce, "To ka tambaya da wuri, an ce Alhamis za a biya kafin alƙalami."